Filin Tambaya da Amsa: Silam ya faɗi, rashin sa'a ne ko laifin mai bugawa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun da suka shigo wannan karon kusan duk a kan silam suke, wato kwantiragin da mutum zai yi alkawarin ci 12 cikin 13, ko ma duka 13 ɗin, don haka na zaɓo guda uku. Ga sabbin shiga birij, wasan kati na mutum huɗu, Arewa da Kudu gefe ɗaya, Gabas da Yamma gefe ɗaya: A shi ne As, K Sarki, Q Sarauniya, J Jak, launuka kuma sifed ♠, hat ♥, daimon ♦ da kulob ♣, turom shi ne launin da ake yanka da shi, dami kuma hannun abokin wasanka da ake shimfiɗawa a tebur kowa ya gani.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ka raba mana gardama ni da abokin wasana, tun ranar Asabar muke ta musu a WhatsApp har an fara jin haushi. A Bridge Base Online muke bugawa, ni ne Kudu, muka hau har 6♠, wato alkawarin ci 12 da sifed a matsayin turom. Ga katunan:

Arewa, dami: ♠ K J 9 3, ♥ A 8 6, ♦ A J 4, ♣ K 5 2
Kudu, ni: ♠ A Q 10 8 5, ♥ K 4, ♦ K 10 3, ♣ A 7 6

Yamma ya fito da ♥Q, na ci da Sarki, na kwashe turom zagaye uku saboda Gabas uku gare shi, sai na buga ƙaramin daimon na sa Jak ɗin dami, kawai Gabas ya ɗora Sarauniya. Daga baya na ba da kulob ɗaya muka faɗi. Ni na ce rashin sa'a ne ai canki-canka ne, shi kuma wai kwantiragin a aljihuna yake na zubar da hannuna. Wa ke da gaskiya? Daga wani ɗalibi a Alƙahira.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri amma abokinka ne da gaskiya, kuma ba ƙaramar gaskiya ba, tunda turom ya rabu 3-1 wannan kwantiragin babu yadda za a yi ya faɗi ko ina Sarauniyar daimon take.

Mu fara daga inda ya kamata ka fara kafin ka taɓa ko kati ɗaya a dami, wato lissafi. Sifed 5, hat 2, daimon 2, kulob 2, ci 11 kenan a hannu, saura ɗaya. Yanka hat na uku a hannunka ba zai ƙara maka komai ba don ka riga ka ƙirga sifed ɗin nan biyar. Kulob na uku kuwa dole ka bayar, uku gare ka uku ga dami babu inda za ka zubar da shi. Toh ga wurin da mafi yawan mutane ke tsayawa, suna kallon kulob ɗin nan a matsayin asara kawai, sai hankalinsu ya koma kan daimon suna tunanin ta wane gefe zan yi fines, wato in sa Jak ko 10 da fatan Sarauniya tana hannun wanda ya riga ya sa kati, Gabas ko Yamma, wasu har su tsaya suna kallon wanda ya yi jinkirin sa kati. Alhali kulob ɗin da za ka bayar shi ne makaminka, abin da ya rage maka shi ne ka zaɓi lokacin da za ka bayar da shi.

Ga yadda ake yi. Ka ci hat da Sarki, dami ya sa 6. Ka kwashe turom zagaye uku kamar yadda ka yi, yanzu saura biyu a hannunka ɗaya a dami. Ka buga ♥4 zuwa As, ka dawo da ♥8 ka yanka, hat ya ƙare a hannayenku biyu kenan. Ka buga As da Sarkin kulob, sannan ka saki kulob na uku ka bar su su ci, ko Gabas ko Yamma duk ɗaya ne. Kalli abin da ya rage a tebur a wannan lokacin, kati huɗu-huɗu: dami yana da turom ɗaya da ♦ A J 4, kai kana da turom ɗaya da ♦ K 10 3. Wanda ya ci kulob ɗin dole shi zai fito da kati, me zai fito da shi? In Yamma ne ya fito da daimon sai ka sa 4 daga dami, Gabas ya ɗora Sarauniya ka danne da Sarki, bai ɗora ba 10 ɗinka ta ci. In Gabas ne ya fito da daimon ka sa 3, Yamma ya ɗora Sarauniya As ya danne, bai ɗora ba Jak ya ci. In kuma ya ƙi taɓa daimon ya fito da hat ko kulob, launin da babu shi a hannunka babu shi a dami, sai ka zubar da ♦3 daga hannunka ka yanka da turom ɗin dami, As da Sarkin daimon da turom ɗinka na ƙarshe su kwashe sauran. Kaga duk ƙofar da ya bi a rufe take, su da kansu za su nemo maka Sarauniyar.

Abu biyu nake so ka kiyaye don su ne ke ɓata wannan dabarar a hannun masu koyo. Na farko kar ka saki kulob kafin ka yanka hat na uku, in ka bar ♥8 a dami wanda ya ci kulob zai fito da hat abinsa lafiya lau, kai kuma ka koma canki-canka. Na biyu kar tsoro ya sa ka ƙara zagaye na huɗu na turom wai don ka tabbatar, ka ƙirga su tun farko, huɗu ne a waje, 7 da 6 da 4 da 2, in sun fita sun fita. Wannan turom ɗaya tilo da ya rage a dami shi ke riƙe da komai, in ka kashe shi babu sauran barazanar yanka da zubarwa.

Wurin da hanyar ke gazawa shi ne in mutum ɗaya ya riƙe turom huɗun duka. Kati huɗu a waje suna rabuwa 2-2 wajen kashi 40 cikin 100, 3-1 wajen kashi 50, 4-0 kuma ƙasa kaɗan da kashi 10. A wannan kashi 10 ɗin dole ka kwashe zagaye huɗu dami ya tashi babu turom, sai ka koma neman Sarauniya da kanka, amma ko a nan ba a makance ba, wanda ba shi da sifed ko ɗaya ya fi sarari a hannunsa na ɗaukar daimon don haka shi ka fi zargi. In ka haɗa duka hanyar abokinka tana kai wajen kashi 95, taka kuwa 50. Sai ka kira shi ku shirya, abokin wasa mai ganin irin wannan ba a sakinsa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. An koya mana cewa in kati takwas gare ku a launi babu Sarauniya a yi fines, in tara ne a buga As da Sarki ta faɗo da kanta. Na bi wannan a 6♠, dami ♠ K J 6 4 ni ♠ A 10 8 5 2, akwai As ɗin kulob a waje da dole in bayar. Gabas ne ya buɗe kira da 3♦, mu kuma daimon uku ne tsakanina da dami. Na buga As kowa ya bi, na buga ƙarami Yamma ya sa ƙarami na hau da Sarki, Gabas ya zubar da daimon, Sarauniya ta zauna a hannun Yamma. Ƙa'idar ce ƙarya ko kuwa? Daga wata mai karatu a Landan.

AMSA: 'Yar'uwa ƙa'idar ba ƙarya ba ce, sai dai siririya ce sosai kuma ba a faɗa wa masu koyo siririntar ta, ana rera musu ita ne kamar karatun allo. Duba inda ta samo asali. Lokacin da Yamma ya sa ƙaramin sifed na biyu, kin ga ƙananan uku duka, saura Sarauniya kaɗai. Yamma ya nuna kati biyu saura masa 11 da ba ki sani ba, Gabas ya nuna ɗaya saura masa 12. Shikenan fa, 12 da 11, wajen kashi 52 da 48, wannan ɗan bambancin shi ne dukkan ƙa'idar, iska kaɗan ta kaɗa sai ta juya.

A hannunki kuwa ba iska kaɗan ba ce. Wanda ya buɗe da 3♦ yawanci daimon bakwai gare shi, ku kuna da uku, Yamma uku kenan. Saura wa Gabas gurbi 6 na sauran launuka, Yamma gurbi 10. Cire sifed ɗin da suka nuna, Gabas 5 Yamma 8, kinga Sarauniya ta fi karkata wajen Yamma da wajen kashi 62, Jak ya kamata ki sa. Ko da Gabas irin masu ƙarfin halin nan ne da ke buɗe 3♦ da kati shida, lissafin zai koma 6 da 7, har yanzu Yamma ne a gaba. Kin yi daidai da kika fara da As daga hannunki, don ya bar miki K J a bayan Yamma, mataki na biyun ne kika bar abin da kunnenki ya ji a wajen kira kika bi hadda.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, na kalli wasan ƙungiya-ƙungiya kai tsaye a intanet, wani gwani yana 6♥ kuma suna cikin haɗari, wato lokacin da lada da tara suke da yawa. Dami ♥ K 9 4 2, shi ♥ A 10 7 5 3, sauran launuka ba shi da asara ko ɗaya. Sai ya buga ƙaramin hat, Yamma ya sa ƙarami, ya sa 9 daga dami Gabas ya ci da Jak, ashe 2-2 suka rabu da ya buga As da Sarki da ya kwashe 13. Wannan ba kyauta ya yi musu ba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Ɗan'uwa ba kyauta ba ce, inshora ya biya, kuma da arha. Abin da kawai zai iya kayar da shi shi ne mutum ɗaya ya riƙe Q J da ƙanana biyu. In ya fara da Sarki kuma Yamma ne mai huɗun, ya ba da biyu ya faɗi, in ya fara da As kuma Gabas ne mai huɗun haka nan, ba shi da hanyar sanin wanne ne tun kafin ya buga. Amma ƙarami zuwa 9 ya rufe duka biyun. In Gabas ya ci, to launin bai wuce 3-1 ba, As da Sarki za su kwashe biyun da suka rage. In Yamma ne mai huɗun ya sa ƙarami, 9 ta ci. In Yamma ya kasa bi tun farko, sai ya hau da Sarki ya dawo ta kan Gabas zuwa A 10, ɗaya kawai zai bayar.

Yanzu duba kuɗin abin. Tun 1925 da Ba'amurken nan Harold Vanderbilt ya tsara makin birij na kwantiragi a cikin jirgin ruwa, ya shigo da batun haɗari da lada mai tsoka ga wanda ya kira silam ya cika, lissafin wasan ya koma kan cika alkawari. A yau 6♥ cikin haɗari 1430 ne, in ka ƙara ci ɗaya 1460, in ka faɗi da ɗaya kuma an ci ka 100. A wasan ƙungiya bambancin 30 maki 1 ne na IMP, wato ma'aunin da ake juya bambancin makin tebura biyu zuwa gare shi, bambancin 1530 kuwa 17. Ya sadaukar da maki 1 da zai samu kamar sau 4 cikin 10 don ya tsare maki 17 da zai rasa kamar sau 1 cikin 20, ka auna ka gani, tsarewar ta fi nauyi kusan ninki biyu.

Amma fa kar ka ɗauke shi ka kai ko'ina. A gasar bibbiyu inda ake gwada makinka da na kowane tebur, 1460 ta doke duk mai 1430, don haka in silam ɗin mai sauƙin kira ne kowa zai kai, buga manya ya fi. In kuwa kun hau silam ɗin da kake ganin tebura kaɗan ne za su kai, cika shi kaɗai ya ishe ka, koma kan 9 ɗin. Sannan ko a wasan ƙungiyar sai ka duba katin da aka fito da shi da farko, in Yamma ya fito da wani launi da alamar shi kaɗai gare shi, to ba wa Gabas hannu da Jak na nufin ya dawo da launin nan Yamma ya yanka, ka faɗi a kan rabuwar 2-2 da ba ta da wata matsala. A irin wannan As da Sarki za ka buga nan take ka kwashe turom kafin su samu damar yankan.