Amsa ga ƙanwarmu mai son hawa dandamali ita kaɗai

(Saƙon murya ne da aka sa a zauren matasanmu masu wasan kwaikwayo a Kumasi, aka rubuta shi don waɗanda ba su samu sun saurara ba.)

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da dare. Ƙanwata ta Aboabo, na saurari saƙonki har sau biyu. Kin ce kina son ki yi wasa ke kaɗai a kan zaman ɗan Zango, wanda a nan ake ce masa baƙo, in ya je Kano kuma a ce masa ɗan Ghana. Kin ce kin rubuta shafi 20, amma da kika karanta wa ƙawayenki sai suka koma latsa waya. To ba ni kunnenki, abin yana da gyara.

Jawabi kika rubuta, shi ya sa. "Ni wace ce, ina ne asalina, me ya sa ake ware mu." Gaskiya ce duka, amma ba mai zaman minti 40 yana jin tambayar da ba a jefa wa kowa ba. Mai wasa shi kaɗai dole ya san abu huɗu kafin ya buɗe baki: ina yake tsaye, wane lokaci ne, da wa yake magana, me yake nema a hannun mutumin. Ga misali. Kina layin yin katin shaida, saura rabin awa a tashi aiki, ma'aikaci ya ɗago kai ya ce, "Garinku fa?" Kika ce Kumasi. Ya ajiye biro ya ce, "A'a, ainihin garinku nake nufi." Shi ke nan, wasa ya kankama. Kina son kati, yana son amsa, agogo yana tafiya. Duk abin da ke cikin shafi 20 ɗin nan zai iya shiga ta wannan ƙofar, ba sai kin furta kalmar asali ko sau ɗaya ba.

Daga bakin teburin nan sai ki riƙa tsallakawa baya. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa, kuma Zangonninmu sun ji a jikinsu, har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi daga Najeriya, 'yan Ghana suka dawo da kayansu cikin jakar nan mai zane-zane da har yau ake kira gana-masgo. Gida ɗaya zai iya haɗa duka biyun: kaka an kore ta gabas, gwaggo an koro ta yamma. Amma kada ki karanta mana tarihi. Nuna mana kaka ta tsuguna a tsakar gida, turmi a dama, tukunyar aurenta a hagu, mota ba za ta ɗauki biyun ba. Ta ɗaga tukunya, ta ajiye. Ta shafa bakin turmi. Ki ba wannan shirun daƙiƙa goma cif, ki ƙirga a zuci, don in kina kan dandamali daƙiƙa uku ma sai ki ji kamar shekara, ki yi saurin yin magana ki ɓata shi.

Je ki zauna da tsofaffi uku ko huɗu, ki nemi izini kafin ki kunna waya. Kada ki ce "Hajiya yaya kika ji a ranki", za ta ce miki sai haƙuri kawai. Ki ce me kika dafa ranar, wa ya sayi akuyar, wa kika bar wa mabuɗi. A nan labari yake. Sannan ki sauya sunaye da unguwa, don Zango kowa ya san kowa.

Yanzu mutanen da za ki zama. Kada su wuce huɗu: ke, kaka, gwaggo, ma'aikaci. In suka yi yawa 'yan kallo sai su ɓace a hanya. Kowanne ki ba shi abu uku da ba ya canzawa: inda nauyinsa yake a jiki, saurin maganarsa, da inda idonsa yake kallo. Kaka nauyinta a ƙugu, maganarta a hankali. Ma'aikaci nauyinsa a gwiwar hannu kamar ya jingina da tebur, ba ya ƙarasa jimla. Kada ki dogara da sauya murya kawai, maƙogwaro yana gajiya, kafin rabin wasa duk sun koma murya ɗaya.

Batun ido shi ne inda akasari ake faɗuwa. Ki manna salatif a bangon bayan 'yan kallo, wuri uku. In kina magana da ma'aikaci, idonki a salatif na dama, ƙasa-ƙasa, tunda yana zaune. In kin zama shi, ki ɗaga ido zuwa na hagu, tunda ke kina tsaye a kansa. In yau yana dama, anjima ya koma tsakiya, mutumin ya narke, ba wanda zai ƙara ganinsa. Kuma ba a tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, juya kafaɗa kaɗan da numfashi ɗaya ya isa.

Ga abin da na fi so ki riƙe, ƙanwata. Ma'aikacin nan kada ki mai da shi dodo ko abin dariya. Na san da zafi, mun ji ana kiran mutanenmu pepeni da otani, sunayen raini da Twi, yaren Asante, ba daɗi. Amma in kika kwaikwayi Twi ɗinsa don a yi masa dariya, abin da kike kuka an yi miki shi kika yi masa, kuma ɗan Asante da ya zo kallo zai rufe kunnensa tun daga nan. Ki ba shi yunwa, ki ba shi gajiya, ki sa wayarsa ta yi ƙara ɗansa ba lafiya. Ki bari ya faɗi cewa waakyen wata Hajiya, wato shinkafa da wake, yake ci kowace safiya. Lokacin da 'yan kallo suka ga jiki ɗaya, naki, ya ɗauki mai tambaya da wadda ake tambaya, kuma duk biyun mutane ne, tsigar jikinsu za ta tashi. Wasan mutum goma ba ya iya yin wannan, sai na mutum ɗaya.

Harshe kuwa, ki bar shi yadda muke yinsa: Hausa da kaka, Twi a kasuwa, Turanci a ofis. Kada ki tsaya fassara. In jimla tana da muhimmanci, sa wanda ke amsawa ya maimaita ta da nasa harshen. Kuma Hausarmu ta Zango ki bar ta yadda take, sai in gwaggo ta tashi gyara miki ita, wannan ma fage ne mai kyau.

Kaya: kujera 'yar tsugunno ɗaya, jakar gana-masgo ɗaya, mayafi ɗaya. Mayafi a ka, kaka ce. A ɗaure a ƙugu, gwaggo ce. A ninke a kafaɗa, ke ce. Ki cusa tsummoki a jakar ta yi nauyin gaske, don jaka marar komai tana tona asiri da zarar an ɗaga ta. Ba fita canza kaya, in kika bar fili ba kowa, hira za ta ɓarke.

Tsawo, minti 35 zuwa 40. In kika haɗa da shiru da motsi, kalma 100 zuwa 110 ne a minti, wato rubutun kada ya wuce kalma 4,000. Ki yanka shi gida bakwai ko takwas, kowane gida ki haddace shi da inda kike tsaye. In magana ta ɓace miki, ba abokin wasan da zai ɗago ki, ƙafarki ce za ta tuna miki. Mako shida na gwaji, awa biyu a rana, kwana huɗu a mako. Daga mako na uku ki samu mutum ɗaya mai faɗin gaskiya ya zauna da agogo, ya rubuta mintin da hankalinsa ya tafi. Madubi ba ya wannan aikin.

Wuri, kada ki fara da babban zauren Cultural Centre, zai haɗiye ki. Ajin makaranta ko tsakar gida mai ɗaukar mutum 40 zuwa 60, kujeru a zagaye kamar rabin wata, layin gaba taku uku daga gare ki. A nan ba kya buƙatar makirfo, kuma gara haka, na maƙalawa a wuya yana gogar mayafi yana ƙara. Fitila biyu masu caji, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure sama da kai su karkato kan fuska. Guda ɗaya daga tsakiyar sama tana mai da ido rami. Masu caji na ce saboda dumso, wato ɗauke wuta, janareta kuma ƙararsa tana cinye shirun kaka. Ki fara bayan Isha'i, kada kiran salla ya raba miki wasa biyu.

Mutanenmu ba sa kallo baki a rufe. Wata za ta ce "wallahi haka aka yi", wani zai amsa wa ma'aikacin. Kada ki ruɗe. Mu da muka tashi da gatanan gatananku da 'yan kama, mun saba mutum ɗaya ya riƙe taro ana mayar masa. Ki ba mai amsawar numfashi ɗaya, ki ci gaba a matsayin wanda kike a lokacin. In tsohuwa ta fashe da kuka, ki sassauta, kada ki tsaya.

Abin da za ki yi kafin Juma'a: ajiye shafi 20 ɗin, ki rubuta fagen tebur kaɗai, minti uku. Jingina waya a taga, ki ɗauka daga kai har ƙafa, ki turo zaure mu duba ko idonki yana zama wuri ɗaya. Ki gaida su Hajiya. Sai na ji ki.