Kai yaro, S ɗin nan ya taɓa cinye min kuɗin allo guda

Na ga saƙonka tun bayan la'asar, wai kwastoma ya kawo rubutun da za a buga masa a kan bana ta talla an sa "informations" kwamfuta ta ja masa jan layi, kana tambaya ko ita ce ta rikice, kuma wai in lissafo maka ire-iren suna a Turanci. Wallahi da ba zan amsa ba, abin da aka koya muku tun firamare ne, amma S ɗin nan da ka ambata ya fama min wani tsohon miki.

Sunan yanka da gama-gari ba zan ɓata yawuna a kansu ba. Kano, Fagge, Friday, June, Hausa, duk babban baƙi. Market, shop, tailor, ƙaramin baƙi sai in su suka buɗe jimla. Wanda bai san wannan ba ya ajiye aikin rubutu ya je Singa turin baro. Haka na zahiri irin chair da ɓoyayye irin honesty, ban taɓa ganin wanda aka hana kuɗin aikinsa a kansu ba. Wanda ke cin mutum shi ne gagara ƙirga, shi ne wanda ka taka yau ba ka sani ba.

Lokacin ba a cika gari da injin fileks mai buga allunan talla ba, da burushi da fenti muke yi, wani Alhaji mai shagon kujeru da gadaje a wajen Zoo Road ya zo da takarda a aljihun babbar riga, ɗansa ne ya rubuta masa da biro, "Quality Furnitures and Kitchen Equipments". Ina gani na ce Alhaji wannan S biyun fa ba su da gurbi, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ɗansa digiri gare shi, ni ajina nawa, in rubuta yadda aka ba ni kawai. To mai kuɗi ya yi magana, na ja bakina na yi shiru, kuma nan ne wautata, ban ce ya sa hannu a takardar ba. Allo ne ƙafa 12, na sayi falan ƙarfe, na biya mai walda ya yi firam, fenti mai kyau shafi uku, kwana biyar ina duƙe a kansa har bayana ya riƙe, ga kuma littafin rasit 50 da katin shago 1,000 duk da wannan rubutun. Rabin kuɗi ya ba ni kafin alƙalami, saura sai an kafa. Aka kafa, ya tsaya a tsallaken titi yana ta masha Allah, ya ce in zo ranar Asabar.

Kafin Asabar ashe surukinsa malamin jami'a ya zo wucewa ya ga allo ya kwashe da dariya a gaban yaran shago. Ina zuwa na tarar an sauke allon an jingine shi a bango fuskarsa a ciki. Alhaji ko gaisuwata bai amsa da kyau ba, wai ni ne mai sana'a, ni ya kamata in sani, na kunyata shi a gaban suruki, sisi ba zai ƙara min ba. Na ce Alhaji ai na faɗa maka, ya ce yaushe, wa ya ji? Na dawo shago a guje neman takardar ɗan nasa, ashe yaron da ke wajena lokacin ya naɗe ƙosai da ita, mai ya jiƙa ta ya wurgar. Na je wajen mai unguwarsu, aka ce in yi haƙuri a bar wa Allah. Na bar wa Allah ɗin amma ban manta ba, har yau in na bi ta hanyar kawar da kai nake. Allon nan shi ne rufin ɗakin janareton da kake tayarwa kullum da safe, ɗaga kai gobe za ka ga S ɗin yana kallonka.

Abin da ke jefa mu ramin nan Hausarmu ce. Mu muna cewa kayayyaki, shawarwari, bayanai, labarai, duk jam'i ne lafiya lau, sai mutum ya ɗauka Bature ma haka yake. A wajensa furniture kamar ruwa ne ko yashi, ba ya ƙirguwa, ba a ce masa ɗaya biyu, in kana son ƙirgawa sai ka jawo ma'auni ka ce two pieces of furniture, kamar yadda ba ka cewa shinkafa uku sai dai kwano uku. Haka equipment, information, advice, luggage, jewellery, stationery, ko sun cika tirela S ba ya hawa kansu. Shi kuma news da S ɗinsa aka haife shi amma tilo ne, the news is ake cewa. Sannan kar ka ɗauki zafi ka bi kana yanke S ko'ina, 'yan Kwari in sun kawo fabrics ko textiles daidai ne, goods da clothes kuwa in ka cire musu ka canza magana gaba ɗaya.

Akwai tattarau ma, irin team, committee, family, suna ɗaya ya tattare mutane da yawa. Masu makarantun kuɗi su suka fi kawo min ciwon kai a nan, kowa "qualified staffs", alhali staff ya riga ya haɗa malaman duka, mutum ɗaya a ciki member of staff ne. Su da ke karɓar kuɗin koyar da Turanci fa.

Ku yaran yanzu abin da ke ba ni haushi, ga waya a hannu, ga kwamfuta da kanta tana ja muku layi, amma ƙamus ɗin da ke cikin durowata tun kafin a haife ka ban taɓa ganin ka buɗe shi ba, alhali in ka duba kalma za ka ga an sa mata U ko C, U ɗin shi ne gagara ƙirga. Sai kallon bidiyo da gyaran gashi.

Kira kwastoman yanzu ka ce masa S ɗin ba daidai ba ne. In ya yarda ka cire. In ya ce shi a haka yake so, ka fitar masa a takarda ya sa hannu da kwanan wata, ka ɗauki hotonta ka turo min, ita kuma takardar ka sa ta a durowa ka kulle, kar ka kuskura ka kunna inji kafin nan. Kuma ka biya ta wajen mai leda ka karɓo sauran naɗin da muka bari jiya.