Kakana ya yi yaƙin Hitila a Bukuru: shin muna bin Ingila diyya?

Tambaya: Malam, marigayi kakana ya sha gaya mana cewa an ɗebe shi zuwa Bukuru lokacin yaƙin Hitila. Yanzu wani mutum yana zagayawa unguwarmu a nan Jos yana sayar da fom, wai Ingila za ta biya jikokin tsofaffin sojoji diyya. Mahaifiyata tana shirin sayar da akuyoyinta, kuma hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗana, ka hana Hajiya sayar da ko da kaza ce. Ba a gwabza yaƙin duniya na biyu a Bukuru ba. Abin da yaƙin ya nema a garin shi ne kuza. Da Japan ta ƙwace Malaya (yankin Malesiya ta yau) a farkon 1942, Turawa suka rasa babbar ma'adanar kuzarsu, sai suka juyo kan tudun Jos, inda kamfanin haƙar kuza na ATMN (Amalgamated Tin Mines of Nigeria) yake da zama a Bukuru. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa tilasta wa talakawa aikin haƙa ta hannun En'e da hakimai, abin da mutanenmu suka kira ɗiban gwamna. Sanyi da yunwa da cuta sun kashe da yawa, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti.

Ruɗanin da nake fama da shi kullum shi ne ɗaukar duk wanda aka ɗiba a matsayin soja. Sojan da ya je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) yana cikin runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, ya yi faɗa a kwarin Kaladan ko Arakan, kuma ya dawo da lambar aiki da littafin sallama. Leburan kuza bai sa kaki ba, sunansa ba ya cikin rajistar soja, to a kan wace takarda mai fom ɗin nan zai nema muku kuɗi? Abin yana ƙona mini rai, domin na ga gidajen da aka karɓe wa littafin sallama na ainihi da lambobin yabo da sunan "tantancewa", ba su sake ganinsu ba. An zalunci kakanni, yanzu kuma ana cin jikoki da sunan wahalarsu!

Ku binciki akwatin marigayin. In kun sami littafin sallama, ku kai kwafinsa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, ainihin kuwa ya zauna a gida. In babu, takardun Lardin Filato na zamanin Turawa suna gidan adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna, kuma can ya kamata ku nemi labarin ɗiban gundumarsu.