Zauren Masu Karatu: Na cinye kowa a dam, yanzu babu mai zama da ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Hausare, nan Garwa, shekaruna 58. Kullum bayan la'asar mukan ajiye allon dam, wato darar Turawa, a gindin dalbejiyar ƙofar shagona. Da har layi ake yi. To, ba yabon kai ba, an fi shekara rabon da wani ya ci ni, samarin duk sun watse sun koma latsa waya. Kwanan baya na bar wani almajirina ya ci ni da gangan, tun ranar bai sake zama ba. Ina na kuskure? Daga wani tela, Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Baba tela, a gafarce ni, amma ai zagin yaron nan ka yi. Wanda ya yi watanni yana kallon hannunka ya san ba ka ajiye ɗa a bakin kura haka kawai. Da ka yi, ya gane ka mayar da shi ƙaramin yaro da ake lallashi da alewa. Gara masa ka cinye shi sau goma da wannan cin na sadaka.

Sassaucin da ake yi a ɓoye raini ne. Wanda aka faɗa a gaban jama'a kafin a taɓa allo kuwa, sharaɗin wasa ne. Allonku mai gida ɗari ne, kowa da 'ya'ya ashirin. Ka ce masa: "Na ba ka uku." Ka kwashe ukun daga cikin 'ya'yanka ka ajiye a gefe kowa yana gani, sannan ka buga da iya ƙarfinka, babu tausayi ko na ƙwayar zarra. In ya ci, da guminsa ya ci. In kai ka ci da sha bakwai, ka ga ranar ka ji daɗin da ka daɗe ba ka ji ba, don ina zargin kai ma wasan ya gundure ka, ba ka dai faɗa ba ne.

Haka kawuna ya koya mini dara a Marwa, a ramukan da muke tonawa a yashin mayo, wato kogi, da rani. Kowa tsinke goma sha biyu ne, shi sai ya shiga da tara. Dokarsa ɗaya: in na ci shi sau biyu a jere, ya dawo da tsinke ɗaya cikin nasa, in ya ci ni sau biyu a jere, ya ƙara cire ɗaya daga nasa. Wannan hawa da saukar ita ce gishirin abin. Ban damu da wa ya ci yau ba, abin da nake ƙirgawa shi ne saura tsinke nawa mu yi kunnen doki. Ranar da ya zauna da sha biyunsa cif, ya lallasa ni, amma na koma gida kamar an naɗa ni sarauta. Ka samo alli ka rubuta sunayen samarin a jikin ƙofar shago, kowa da adadin da ake ba shi. Za ka ga mai uku yana yi wa mai huɗu dariya, mai huɗu yana kwana da shirin ramuwa.

Ba mu muka fara ba. A tseren dawakin Ingila akwai wanda ake ƙara wa dokin da ya fi gudu nauyi a sirdi, don su iso kusan tare. Masu damben zamani ma awo suke hawa kafin a haɗa su.

Ka tuna wasan Kamaru da Komoros a Yawunde, Janairun 2022? Rashin lafiya da rauni sun hana Komoros masu tsaron gida, ɗan baya Chaker Alhadhur ya sa safar hannu, aka kuma kori kyaftin ɗinsu tun farkon wasa. Kowa ya ce ruwan ƙwallaye za a yi. Aka tashi 2 da 1, muna ta duban agogo. Da 'yan wasanmu sun tsaya jin tausayinsu, wa zai tuna daren nan?

Wasu dabarun kuma: ka bar samari biyu su haɗa kai su yi shawara a kanka, ko ka ba sabon shiga damar janye kuskure sau ɗaya. Wanda ya ci sau uku ya tashi ya ba wasu wuri, ko da kai ne, don su ma su kara da sa'o'insu. Kuɗi dai kada ya hau allon, ko sefa hamsin; daga nan ya zama caca, kuma mai rauni ne zai riƙa ciyar da gwani.

Af, kafin girman kai ya kama ka, Baba: ɗan ƙasar nan tamu Kamaru, Jean Marc Ndjofang, ya zo na biyu a gasar dam ta duniya a Rasha a 2013. Gaba da gabanta. Da za ka zauna da shi, nawa za ka roƙa ya cire?

Almajirin naka kuwa, kada ka aika a kira shi. Ka taka da kanka har bakin kekensa, ka ce masa wancan cin ba ya cikin lissafi, kana binsa wasa ɗaya, ka ba shi uku.