Filin Marubuta: Tauraruwata ta sha wuya amma wai ba ta motsa ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki duba min wannan. Na rubuta gajeren labari ina so in tura gasar Hikayata, labarin wata amarya ce da uwar miji da kishiya suka sa ta gaba, aka mata sharrin satar sarƙar gwal aka kore ta da cikin wata biyar, daga baya gaskiya ta fito mijin ya zo biko. Na tura guruf ɗinmu na marubuta sai wata ta ce wai tauraruwar kamar buhun masara take, duk inda aka jefa ta nan take zama. Ni kuma wallahi har kuka na yi ina rubutawa. To me ya rage?
Ƙanwarki daga Gusau

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda ta faɗa miki haka bakinta da kaifi amma ta yi miki gata, kar ki riƙe ta.

Bari in tambaye ki, wa ya tona gaskiyar sarƙar nan? Na kusa rantsewa ba amaryar ba ce, ko dai kishiya ta kwanta ciwo ta fara tone-tone ko wata yarinya ta gani ta faɗa, ita kuwa tana gidansu tana kuka tana jiran sakayya. Kin ga duk abun da ya faru a kanta ya faru, ba ta zaɓi komai ba, kuma wanda bai zaɓi komai ba ina zai canza? Wannan zubin tatsuniya ne, marainiya mai haƙuri da kishiyar uwa, a can ya yi daidai don ba a nemi kowa ya sauya hali ba, Gizo ma tun muna yara yake ha'inci har yau bai tuba ba. Gajeren labari kuwa mai karatu so yake ya ga wadda ta shiga ta ƙofa ba ita ta fito ba.

Sannan wurin ƙanƙani ne. Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta kalma 1,000 zuwa 1,500 aka saba nema, ki dai duba ƙa'idar bana. Ke kuma kin zuba uwar miji, kishiya, sata, saki, ciki, biko, wannan ai kayan littafi mai juzu'i uku ne. Ɗauki ɗaya ki matse shi.

Da ni ce sarƙar zan riƙe. A ce amaryar ta ga wanda ya ɗauka da idonta, autan uwar mijinta Hajiya ne, yaron da duk gidan shi kaɗai yake ce mata Anti yana mata aike ba musu, to yanzu in ta yi shiru ita ce ɓarauniya in kuma ta yi magana ta tona ɗan lelen Hajiya kuma ta san aurenta ya gama yawo, ga ciki. Nan ne labari yake, don kowanne ta ɗauka sai ta rasa wani abu.

Canjin kuma kar ki rubuta min "tun daga ranar ta zama wata daban", nuna min a aikace. A farkon labari ta kai wa Hajiya kwanon tuwo ta durƙusa kanta a ƙasa, an ce miyar ba gishiri ta ce to Hajiya, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ranar biko maza suna zaure, kawunta yana ta a yi haƙuri zaman aure sai da haƙuri, sai muryarta daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, ta ce Kawu a tsakar gida aka kira ni ɓarauniya gaban maƙota, a can nake so a wanke ni kafin in ɗauki akwati. Ba ihu ba zagi, amma duk mai karatu ya san wadda ta ce to Hajiya ba za ta iya wannan ba.

Kuma ba dole canjin ya zama na alheri ba, ana iya barinta ta koma gidan ta koyi kissa ta fi kishiyar iya sharri, ni irin wannan ma ya fi tsaya min a rai.

Tambaya: Anti in jarumin labarina bai canza ba sam, labarin ya lalace kenan?
Ɗanki daga Maraɗi

Amsa: A'a ɗana, in dai an ba shi dama ya canza ya ƙi. Dattijon da ya rantse ba zai sai da gonar gado ba, 'ya'ya suka kawo dillali har gida da kuɗi a leda, ya kalle su ya ɗau fartanyarsa ya fita, wannan ya zaɓa kuma zai biya. Ka turo labarin in gani, amma a buga shi, rubutun hannunku na hoto yana kashe min ido.