Amsa: Mustang ɗin 1966, da me za a fara?

Malam, ka ce ka samu mota Ford Mustang ƙirar 1966, kana tambaya ko ka cire injinta ka sa Coyote, wato sabon injin Ford na zamani. Ni dai a ganina, dakata tukuna.

Fara da tsatsa. Zuba ruwa bokiti guda a ramukan iskan nan da ke gindin gilashin gaba, sannan ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ka ga ruwa na ɗiga inda ake sa ƙafa, to wurin ya ruɓe daga ciki, kuma aikin walda ne mai cin kuɗi. Da yawa sai sun gama fenti suke ganowa.

Sai birki. Na 1966 tukunyar mansa ɗaya ce. Tiyo ɗaya ya fashe, birkin ƙafafu huɗun duk ya tafi. Sa tukunya mai layi biyu irin wanda Ford ta koma yi daga 1967, ka mayar da birkin gaba mai faifai.

Shi kuwa Coyote faɗi gare shi, ba ya shiga sai an yanke mazaunin shokozoba. Idan injin 289 ne a ciki, wato ɗaya daga injinan da Mustang ɗin 1966 ta fito da su, kuma ba ya hayaƙi, cire kafireto ka sa masa na'urar fesa mai, ka ƙara lagireto na alminiyum. Ya ishe ka.