Idan mai biyan haraji ya ce ka rage masa lissafi

Malam, ka ce wani da kake cike wa takardun haraji ya nemi ka ɓoye wani ɓangare na cinikinsa, ka kuma saka kuɗaɗen da bai kashe ba, wai kowa haka yake yi. Kana tambaya ko alhakin a wuyansa yake shi kaɗai.

Ba shi kaɗai ba ne. Na daɗe a wannan sana'a, kuma a nan na ga abokan aiki da yawa suna zamewa. Gaskiya ne ba a ɗora maka tantance kowane rasit ba, ai kai ba mai binciken asusu ba ne. Mutum ya kawo lissafin da hankali zai ɗauka, kana iya karɓa da kyakkyawan zato. Amma idan takardar banki ta nuna kuɗin da suka ninka abin da ya rubuta, dole ka tambaya. Ƙa'idar masu wannan aiki a Amurka, Circular 230, haka ta tanada: ka dogara da bayaninsa, amma kada ka kau da kai daga abin da ya saɓa. Kai ma ka wuce nan, tunda da bakinsa ya faɗa maka. Idan ka sa hannu, ka zama abokin tarayya a laifin.

Kada dai ka yi saurin korarsa. Da yawansu ba mugaye ba ne, rashin sani ne. Ku zauna ka nuna masa ragin da doka ta halatta: raguwar darajar kayan aiki, asarar shekarun baya inda aka yarda a ɗauko ta, da kuɗin da ya kashe da gaske. Sau da yawa a nan ake samun abin da yake nema.

In ya kafe, ka rubuta masa shawararka da abin da zai iya biyo baya, ka ajiye kwafi, ka janye. Kai ƙararsa kuma wata magana ce daban. Riƙe sirri na cikin ginshiƙai biyar na ƙa'idojin IESBA, hukumar duniya mai tsara ɗa'ar aikin akantoci, sai inda dokar ƙasarka ta tilasta bayyanawa, don haka ka duba ta tukuna.

Wani abu da ba ka tambaya ba: kada ka yarda ladanka ya zama kaso daga abin da ka rage masa. Ka yanke kuɗin aikinka tun kafin ka buɗe fayil ɗin.